Kifin da Muka Ƙi Binnewa a Villa Rosalía

Jama'a, ku yi haƙuri idan rubutun yau ya zo muku a karkace. A rub da ciki nake yin sa, matata Dalys na tsaye a kaina da kwalbar man zafi, tana shafa mini a ƙugu tana yi mini wa'azi. Da safen nan na yunƙura in je in murɗa famfo kamar yadda na saba kullum, don gaisuwa kawai, sai ƙugun ya ce ban isa ba. Dalys ce ta murɗa shi a madadina. Ya yi tari sau biyu, ya busa mata iska a fuska, ta dawo ta ce yana gaishe ni.

"Mutum da furfura a ka," in ji ta, "ya hau rufin gidan mutane yana karkaɗa ƙugu kamar tsohon biri. Ai ga shi nan, jiki magayi."

"Tsohuwa, don al'umma fa na yi."

"To al'umma ta zo ta shafa maka man."

Bari in gaya muku abin da ya kai ni rufin, ku yi mana alƙalanci.

Duk wanda ya shigo lardinmu na Panama ta hanyar gabas ya ga ƙaton allon nan da manya suka kafa, mai hoton yarinya tana dariya da kofi a hannu, an rubuta a ƙasa wai lardin da ruwa ya rungume. Ni ban musa ba. A kudu ga teku, in ya janye kwale-kwalen masunta su kwanta cikin laka kamar aladu, in ya dawo ya cika har bakin titi. A yamma ga mashigin da jiragen ruwan duniya ke bin layi, a ɗaga su da ruwan daɗi, a sauke su da ruwan daɗi. A gabas koguna ne da tafki, tsibirai kuwa sai ka gaji da ƙirga. Sama ma wata takwas take zubo mana a shekara, har takalmi ya yi funfuna a ƙarƙashin gado. Sannan ga babban birnin ƙasa zaune daram a tsakiyarmu da dogayen benayensa na gilashi, wasu har da wurin ninƙaya a can ƙololuwa. Wato ruwa ya san hanyar hawa bene mai tsayin da hula ke faɗuwa in ka kalle shi, tudun unguwarmu ne dai ya gagare shi.

Mutanen sauran larduna har hassada suke mana. "Ku ai kun more, gwamnati a ƙofar gidanku take." Haka ne. Amma duk wanda ya taɓa zama maƙwabcin gidan biki ya san rabonsa: kiɗa ya hana shi barci, motocin baƙi su tare masa ƙofa, ƙamshin nama ya shigo ta taga ya fita ta ɗaya tagar. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa, shi ne cikakken bayanin lardinmu, sauran duk ado ne.

Unguwarmu Villa Rosalía titi ɗaya ce tal, ya taso daga gindin tudu ya hau, da bishiyar mangwaro a tsakiyarsa. In ka tsaya a sama kana hango teku yana ƙyalli, don ƙarin haushi. Tun bayan Kirsimeti da damina ta ɗauke, famfunanmu suka bi ta. Muka yi ayari zuwa ofishin Mai Girma Sarkin Famfo, Allah ya ƙara masa sanyi, muka roƙi a turo mana motar ruwa. Wani saurayi mai ƙamshin turare ya ce motocin duk suna gareji.

"Me ya same su?"

"Ana bincike, baba."

"Dukansu?"

"Ciwon nasu mai yaɗuwa ne."

Amma fa a faɗi gaskiya, an karrama mu. Akwai injin ruwan sanyi a ofishin, kowa aka ba shi kofin takarda. Na sha biyu, na cika baki da na uku na riƙe har bakin mota.

Da a nan abin ya tsaya da mun ci gaba da ɗaukar jarka daga gindin tudu muna gode wa Allah. Sai ga dubagari daga ofishin Mai Martaba Wazirin Tsafta ya dira a gidan abincin Doña Zoraida.

Doña Zoraida ita ce mai rumfar kwanon nan da ke can saman titi. Tun 'yata tana rarrafe take dafa sankocho a wurin, farfesun kaza da doya wanda in ka sha za ka yafe wa duk wanda ya taɓa yi maka laifi. Da tukunyar nan ta yi jinyar miji har ta binne shi, da ita ta aurar da 'ya'ya uku. Direbobi da magina a nan suke karya kumallo, ni kuwa ko ban tambaya ba cinya take sa mini. Dubagarin, wani siriri mai jaka a hammata, ya ƙwanƙwasa tankinta na bayan rumfa, tankin ya amsa masa kamar ganga.

"Doña, gidan abinci ba ruwa a tanki, doka ta ce kwaɗo."

"To ɗana, ka gaya wa ɗan'uwanka na ofishin famfo ya ba ni ruwan mana."

"Ai ba ofishinmu ɗaya ba."

"Ba bene ɗaya kuke ba?"

"Su suna ƙasa, mu muna sama." Ya buɗe jaka ya nuna mata kwaɗon, sabo fil. "Larabar Toka, ranar da coci ke fara azumi, zan dawo. In na same shi haka, ki yi haƙuri da ni."

Bayan ya tafi, ta kifa bokiti ta zauna a kai. Matar da bakinta ba ya hutawa ko a cikin coci, ranar ta yi shiru, tana kallon tukunyarta. Na rantse muku shirun nan ya tsorata ni fiye da kwaɗon. Cika tanki irin nata da jarka sai a yi wata ana hawa da sauka, kuma Laraba saura mako guda.

Da yamma muna buga domino a barandar Eustorgio. Tsohon direban bas ne, shi ya riƙe 'yata ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna kompa. Talabijin na nuna shirye-shiryen bikin Karnabal a bakin teku, sai ga motocin ruwa jere reras, an wanke su, an ɗaura musu ribon, suna jiran kuleko. Kun dai san yadda ake yi: kwana huɗu jama'a su cika titi tun safe suna rawa suna ihun "Ruwa! Ruwa!", wani ƙato a kan mota yana feshe su da tiyo har su jiƙe sharkaf.

"Kompa," in ji Eustorgio, "waccan mai lotsattsen gaba, ba ita aka ce mana tana kwance rai a hannun Allah ba?"

"Ta warke. Karnabal ai maganin kowace cuta ne." Na buga domino na ƙara da cewa, "A lardin nan wuri ɗaya ne talaka zai yi ihun ruwa a ba shi, wurin rawa."

Ni da wasa na faɗa. Amma na ga Eustorgio ya ajiye dominonsa a hankali, ya zuba mini ido irin kallon da yake wa fasinjan da ya ɓoye kuɗin mota a safa.

Washegari muka sa rigunan zuwa coci muka nufi ofishin Mai Alfarma Galadiman Shagali. Jama'a, ashe akwai ofishin da ake yi wa talaka murmushi a ƙasar nan! Ba layi, ba "dawo gobe". Muka ce Villa Rosalía na son yin nata Karnabal bana, aka ba mu kujera, aka kawo kofi. Zaɓe ya kusa, kun gane.

"Titi nawa ne?" in ji matar da ke kan tebur. "Kun san al'ada, Titin Sama da Titin Ƙasa, kowane da sarauniyarsa, kowane da motarsa."

Na buɗe baki zan ce titi ɗaya gare mu, Eustorgio ya taka mini ƙafa.

"Biyu ne, 'yata. Kuma ba sa ga maciji da juna."

Nan take ta ba mu mota biyu ranar Litinin. Sharaɗi ɗaya kawai ta gindaya: ba bokiti, ba jarka, ba roba, 'yan sanda za su ƙwace duk wadda suka gani. "Ruwan gwamnati ne," in ji ta, "na wasa ne. Ba za mu yarda a yi almubazzaranci da shi wajen wanke-wanke ba."

Muka dawo muka raba titinmu biyu daga gindin mangwaro. Doña Zoraida ta zama Sarauniyar Sama. Ta Ƙasa kuwa sai da aka nemi mai bakin da zai iya karawa da nata, unguwa gaba ɗaya ta juyo ta kalli gidana. Dalys ta ce ita ba ruwanta da shirme, sannan ta shiga ɗaki ta fara gwada 'yan kunne.

Saura batun bokiti. Eustorgio ya ja mu bayan rumfar Zoraida ya nuna mana indararon da ke tara ruwan damina daga rufi ya zuba a tanki. Tun Disamba yake hutu. "An hana bokiti," in ji shi, "ba a hana rufi ba. Mai tiyo kuwa inda ya ga rawa ta fi ban dariya can yake fesawa. Mutum ɗaya muke buƙata a sama."

Samarin unguwa duk sun tsere bakin teku wurin babban Karnabal. Eustorgio kuwa da ƙibarsa in ya hau kwanon nan sai dai a tsince shi cikin tukunya. Na ga idanu sun fara taruwa a kaina.

"Ni fa ina da ciwon gwiwa."

"Kompa, kai ka kawo maganar. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

"Don Cástulo," in ji Zoraida, tana dubana tana goge hannu da zani, "cinyoyin kajin da na sa maka a kwano, da a ce za su tashi su yi tafiya da sun kai ka iyakar ƙasa. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski."

Ranar Litinin motoci biyu suka hau tudunmu ba tari ba atishawa, su da aka ce suna jinya a gareji. 'Yan sanda biyu suka zagaya, ba su ga bokiti ko ɗaya ba. Abin da ba su lura da shi ba shi ne yadda mutanen Villa Rosalía suka yi ƙiba dare ɗaya. Kowa riga uku uku ya sa, wando kan wando, duk an goga musu sabulu tun a gida. Masu busa da ganguna suka tashi, aka ce "Ruwa!", tiyo ya buɗe, kafin ka ce kwabo kumfa ta fara gangarawa titi. Tsofaffi na rawa suna cuɗa hammata. Wata maƙwabciyarmu ta yafa labulen falonta wai kayan ado ne.

Sarauniyoyi suka fito, kowace a bayan akori-kura. Mutanen Ƙasa suka kai wa na Sama hari kamar yadda aka tsara, har sarauniyoyin da motocin ruwan biyu suka haɗu a ƙofar rumfar Zoraida, aka fara zambo.

"Sarauniyar Sama!" Dalys ta ƙwala. "Kambinki na kwalin taliya ne, muna hango rubutun daga nan!"

"Gara kwali a ka da miji a kan rufi!"

"Mijin da farfesunki ya ramar kamar sandar rake?"

"Wanda girkinki ya koro, na tsince shi na yi masa sadaka!"

Jama'a suka kwashe da shewa, aka ɗaga kai, ga ni tsaye a kan kwano da jan gajeren wando da malafa. Masu magana sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ba su taɓa zama a unguwar da ba ruwa ba. Na karkaɗa abin da Allah ya ba ni, na yi tsalle irin na zakara, na juya wa masu tiyo baya na yi musu gwalo ta tsakanin ƙafafu. Su biyun suka haɗu a kaina. Ruwa na duka na, yana bin kwano, ina jin indararo na waƙa a bayana. Ban taɓa jin daɗin duka irin na ranar ba.

Ana cikin haka sai ga jiniya. Mai Alfarma Galadiman Shagali da kansa, da farar riga da mai ɗaukar hoto a bayansa. Ya gaisa da sarauniyoyi, ya sumbaci wani jariri mai kumfa a ka, ya ce bai taɓa ganin talakawa masu farin ciki irinmu ba. Sannan ya hau mota ya karɓi tiyo da hannunsa mai albarka. Ku ba shi haƙƙinsa, mutumin nan ya iya saiti. Ruwan ya same ni a ƙirji, ƙafafuna suka yi sama, na bi kwano suuu kamar kifi a faranti, na dira kan buhunan ayaba da ke bayan rumfa.

Na ga Zoraida ta diro daga mota da kambinta a karkace tana gudu ta nufo ni. Na ce Allah sarki, matar nan ta san mutunci. Ta tsallake ni ta ɗane tsani ta leƙa tanki.

"Ya cika! Budurwa Maryamu, har yana ambaliya!"

"Doña," na ce daga ƙasa, "ruwa ya ci makaɗi, ke kina ta ganga?"

"Yi shiru, Don Cástulo, cinya biyu za ka ci yau."

Ta faɗa tana dariya, hawaye na bin fuskarta, ta ce wai ruwan tiyo ne. Ni ma a kwancen nan na ji wani sanyi a raina wanda ba na jiƙa ba ne.

Murnar ba ta kwana biyu ba. Ranar Talata hotona ya fito a jarida, ƙafafu a sama, Mai Alfarma na dariya a gefe. Da yamma kuma Mai Girma Sarkin Famfo ya yi magana a rediyo. Ya ce akwai 'yan baƙin ciki da ke yaɗa cewa wasu unguwanni a lardin nan ba su da ruwa. "Ga Villa Rosalía nan a jarida," in ji shi, "har wasa suke da shi. Gani ya kori ji." Ya sanar da cewa an cire mu daga cikin masu matsala, ya kuma taya mu murna. Muka zauna a barandar Eustorgio da wankakkun rigunanmu muna kallon juna. Tankin Zoraida in an yi tattali zai kai tsakiyar azumi, damina kuwa sai Mayu.

Da asubahin Laraba muka fito binne kifi kamar kowace shekara, don da haka ake rufe Karnabal. An sa ɗan sadin a kwalin takalmi, mata sun yafa baƙin mayafi suna kukan ƙarya, Eustorgio ya rataya tawul a wuya yana kwaikwayon fadan coci, an tona rami a gindin mangwaro. Ni a kujera aka ɗauko ni. Ana shirin sa kwali a rami sai Zoraida ta sa hannu ta fizge kifin ta wutsiya.

"Wa ya ce muku ya mutu?"

"Doña, ai har ya fara wari."

"Suma ya yi. Ku saurara mini, marasa lissafi. In aka binne shi Karnabal ya ƙare. In Karnabal ya ƙare, ciwon motocin nan ya tashi. Ni dai ban ga gawa ba."

Ta wuce da shi rumfa, ta tsaga shi, ta dambara masa gishiri, ta rataye a saman murhu. Masu kukan ƙarya suka share hawaye, Dalys ta ce tun da take ba ta taɓa yarda da maganar matar nan ba sai yau.

Da rana ga dubagari, da toka a goshi da jaka a hammata. Ya ƙwanƙwasa tanki, tanki ya yi masa gum. Ya buɗe famfon jikinsa, ruwa ya zubo. Ya ce bari ya gwada shi. Ya wanke hannu, ya wanke fuska yana kewaye tokar, ya cire taye ya wanke wuya, ya kai har bayan kunne. Gwajin ya ɗan daɗe. Zoraida ta ajiye masa soyayyen kifi da soyayyar ayaba, tunda ranar ba a cin nama, ya ci ya suɗe yatsu, kwaɗo bai ko leƙo daga jaka ba. Zai tafi sai ya hango sadin a rataye.

"Doña, wannan fa? Ba yau ake binnewa ba?"

Ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Na ce shi ke nan, ta tona mana asiri. Mutumin ya duba hagu ya duba dama, ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Baba, wane ofis kuka ce kun je? Mu ma tudu muke. Tun Janairu matata ke wanka a gidan yayarta."

Jiya Eustorgio ya koma wurin matar nan ta ofishin Galadiman Shagali, ya shaida mata cewa namu Karnabal bai ƙare ba tunda ba a yi jana'iza ba. Ta shiga ciki ta fito, ta ce Mai Alfarma ya ji daɗin hoton nan ƙwarai, kuma shi ba mai kashe al'adun gargajiya ba ne. Mota na zuwa Asabar. Fadan cocinmu ya ɓata rai ya ce kiɗa a cikin azumi ba tsari ba ne, amma da zai tafi ya tambaya ko rawar za ta iya biyowa ta kusa da rufin coci.

Saboda haka, masu karatu, in kuka jiyo ganguna daga tudun gabas a tsakiyar azumi kada ku ce mun bar addini, wanki muke. Kuma in akwai wani siriri a cikinku mai lafiyayyen ƙugu da ƙarancin kunya, ya zo Asabar da safe, akwai gurbi a kan rufi. Albashi cinyar kaza ce, man zafi kuwa kowa ya zo da nasa.